Ni da Kanzo, Daga Ghana Zuwa Alelu

Har yau in aka ja sarƙa a kan siminti sai in zabura in waiga, ko da sarƙar ɗaure akuya ce. Inna ta ce in daina ba mutane labarin nan, amma bakina ya ƙi yin shiru. Gara in rubuta shi gaba ɗaya in huta da masu tare ni a hanyar rijiya suna tambaya wai da gaske ne kare na kawo tsaraba daga Ghana. Da gaske ne.

Wata mata ce 'yar Jega, Anti Kulu, ta tafi da ni bayan na gama sakandare, a kan za ta sa ni a shagon atamfa a Accra, garin da direbobinmu ke ce wa Ankara. A hanya ban san gajiya ba don murna. A Lome na fara ganin teku, na miƙe tsaye cikin mota ina nunawa, har wani tsoho ya ce in zauna kar in kifar da su. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin Jega ba, ga ruwa har ya haɗu da sama. Na ce a raina lalle na fito duniya.

Ba shago aka kai ni ba. Wani gida ne a bayan gari mai doguwar katanga da waya a samanta. Tun kafin a buɗe ƙofa na ji haushi irin wanda ban taɓa ji ba, mai kauri, kamar daga cikin rijiya yake fitowa. Anti Kulu ta ce in jira ta nan za ta je ta dawo da yamma. Ban sake ganin ta ba, lambarta ma ta daina shiga.

Matar gidan, wadda kowa ke ce wa Madam, sana'arta kiwon karnukan waje da sayar da 'ya'yansu. Da ɗan Turancina na makaranta na gane abin da take faɗa: an kawo ni ne in yi shekara ina dafa wa karnuka abinci ina wanke ɗakunansu, kuma ba a fita sai da izininta. Layina na gida ba ya aiki, ban san kowa ba, ban san ko ina gabas take ba. Maigadin gidan, Baba Seidu, wani dattijo Bazabarme mai jin Hausa, shi ya ara mini wayarsa na kira Babana a gida ina kuka. Baba ya ce:

"Ki yi hanƙuri ɗiyata. Damina ta yanzu, babu motar da ka zuwa can. Bari albasa ta hito, motocin Aliero su hwara sauka, in sa a ɗauko ki. Ki dai tsare kanki."

Daga ranar abin da ke gabana ke nan: in kai lokacin albasa da raina da gaɓoɓina.

Kada wanda zai karanta ya ɗauka tsoron kare nake yi tun asali. Mu a garinmu Alelu, kusa da Jega, da karnuka muka tashi. Baba na da su a gona suna tsaron rumbun albasa, Fulanin da ke sauka bayan garinmu na da nasu, 'yan farauta na da nasu. Amma a wurinmu ba a sayen kare. In karyar maƙwabci ta haihu sai ka je ka ce a ajiye maka ɗaya, in ya buɗe ido ya yi ƙwari ka ɗauka. Baba kan ce kuɗin kare ba abin ci ba ne. To ga ni a gidan da kwikwiyo ɗaya, in ji Baba Seidu, ya fi sa mai ƙiba tsada. Kowane da takardarsa mai ɗauke da sunan uwarsa da ubansa da kakanninsa. Na ce wa Baba Seidu ni da nake mutum ban san sunan kakar kakata ba. Ya yi dariya ya ce shi ya sa ba wanda ya taya ni.

Gaskiya abin kallo ne, kuma na sha kallo. Akwai na Jamus masu tsayayyun kunnuwa. Akwai wasu 'yan ƙanana farare kamar an tara auduga, mata na zuwa da manyan motoci su rungume su suna ɗaukar hoto, har da masu sa musu riga. Ana yi musu wanka da sabulu mai ƙamshin da ban taɓa shafa irinsa ba. Masu saye kuwa tambayarsu ɗaya ce kullum, wane iri ne, jininsa tsantsa ne ko an gauraya. In aka ce an gauraya sai fuska ta canza, kamar an ce nonon da ruwa. Ba wanda na ji ya tambaya ko kare na da hankali.

Sai kuma Janar. Shi ne uban garke, daga Afirka ta Kudu aka kawo shi, kansa ya kai turmi, launinsa kamar ƙasar tukwane. Shi ke da haushin da na ji ranar farko. Wani mutum ne mai horarwa kaɗai ke shiga wurinsa, ni iyakata in tura kwano ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfe da sanda. Baba Seidu ya ja mini kunne a kansa: in ya taɓa kuɓucewa kada in gudu, kada in kalle shi cikin ido, in tsaya kamar itace. Na ce to.

Shinkafa da kaza nake dafa musu a wata babbar tukunya. Nawa abincin ba ya isa ta, don haka in na kwashe sai in kankare ƙanzon gindin tukunyar in jiƙa in ci a bayan kicin, kusa da wata magudanar ruwa da ta huda katanga. Wata rana da hantsi ina ci sai na ga hanci ya leƙo ta magudanar, sai kai, sai wani kare ja siriri ya jawo jikinsa ciki. Wutsiya a nannaɗe, haƙarƙari a waje, kunne ɗaya a karye. Wallahi kamar an ɗauko shi daga bakin kasuwar Jega an ajiye. Na duƙa in ajiye masa ƙanzo, kafin hannuna ya kai ƙasa ya yi wuf ya fice ta inda ya shigo.

Na zauna na yi ta dariya, daga nan dariyar ta koma kuka. Ko yaron goye a garinmu ya san wannan: in kare ya taso maka, duƙa kamar za ka ɗauki dutse, ko babu dutsen, zai juya da gudu. Ashe karnukan Ghana ma sun san dutse. Ban taɓa jin kewar gida irin ta ranar ba, kuma kare ne ya jawo mini ita.

Washegari ya dawo. Na koyi in jefa masa daga tsaye, don in dai na sunkuya, ko tsintsiya zan ɗauka, ya tafi ke nan. Na sa masa suna Kanzo. Muka riƙa raba gindin tukunya, ina yi masa hira da Hausa, ina ba shi labarin Inna da ƙannena da yadda ake dasa albasa. Ban taɓa shafa shi ba, shi ma bai taɓa matsowa ba. Ranar da Madam ta hango shi ta yi ta faɗa, ta ce irin waɗannan ne ke kawo cuta, in ya kusanci karyarta guda ya ɓata mata jinin shekaru. Ta sa Baba Seidu ya toshe magudanar da bulo. Da aka yi ruwan sama tsakar gida ta cika, dole aka cire. Baba Seidu bai sake mayarwa ba, sai dai in ya wuce ya ce, "'Yar Kabi, baƙonki ya zo?"

Haka aka ci damina. Ruwa ya ɗauke, na fara tambayar Baba Seidu kullum ko an ga motocinmu a kasuwar albasa, yana cewa saura kaɗan. Ana nan mai horar da Janar ya yi faɗa da Madam ya bar aiki. Ta ce kafin ta sami wani ni zan riƙa wanke ɗakin Janar: in jawo sarƙarsa ta taga in maƙala a ƙugiya, sannan in shiga. Na roƙe ta, na ce ba zan iya ba. Ta ce kare mai takarda ba ya cizo haka kawai, na titi ne mahaukata.

Na yi kwanaki ina yi, kullum da addu'a a bakina. Ranar da abin ya faru da safe ne, rana ta fito sosai, ana jiran wasu masu saye. Na maƙala sarƙar, na wanke, na fito da bokiti na nufi famfo. Sai na ji sarƙa na jan siminti a bayana. Ƙugiyar ce ta zare daga bango. Na juya, ga Janar a tsakar gida, babu komai tsakanina da shi.

Ban gudu ba. Wannan kam na tuna. Amma duk sauran abin da Baba Seidu ya faɗa ya fice daga kaina, jikina ya yi abin da ya saba tun ina 'yar ƙarama a hanyar gona. Na duƙa na kai hannu ƙasa kamar zan ɗauki dutse.

Janar bai san dutse ba. Tunda aka haife shi ba wanda ya taɓa jifan sa, wa zai jefi abin da ya fi sa mai ƙiba tsada? Abin da ya gani kawai shi ne na kawo wuyana daidai bakinsa. Ban ga tasowarsa ba, nauyi kawai na ji ya kayar da ni, na sa hannun hagu na tare fuskata, ya kama. Ban ji zafi ba a lokacin, ƙarar ƙashina na ji da warin bakinsa, yana girgiza ni kamar tsumma. Ina kiran Inna. Na san Baba Seidu na can bakin ƙofa, kuma na san kafin ya iso an gama.

Sai na ji ya saki. Na ɗago na ga wani abu ja yana zagaya shi. Kanzo ne. Bai tare shi gaba da gaba ba, ina zai iya? Yadda karnukan Fulani ke yi wa bijimi ya yi masa: ya ciji agara ya yi tsalle baya, Janar ya juya, ya zagayo ya ciji ɗayar. Yana yi yana wani kuka siriri na tsoro, don shi ma tsoron yake ji, amma bai tafi ba. Baba Seidu ya iso ya ja ni ta ƙafa har cikin kicin ya rufe. Ta taga na ga lokacin da Janar ya sami Kanzo. Ya ɗaga shi sama ya maka da ƙasa. Baba Seidu ya koma ya saki ruwan tiyo a fuskar Janar, ya samu ya taka sarƙar ya naɗe ta a ƙarfen tankin ruwa. Kanzo ya ja jiki da ƙafa uku ya shige ƙarƙashin tukunyar da nake kifewa.

Madam ta fito. Ina zaune jini ya jiƙe mini zane, tambayarta ta farko ita ce ko karen titin ya ciji Janar. Ta ga agararsa na jini ta ɗora hannu a ka, ta kira likitar dabbobi.

Likitar mace ce, gajera mai furfura, Dakta kawai na san ana ce mata. Ta shigo da jakarta, ta kalle ni, ta kalli Janar, ta ajiye jakar a gabana. Madam na nuna mata kare, ita tana wanke mini hannu da sabulu da ruwa mai yawa tana ɗaurewa. Suka yi ta musu da yarensu, ban ji ba, amma na ga Madam ta yi sanyi da Dakta ta ɗaga waya. Daga baya Baba Seidu ya fassara mini: Madam ta ce a kashe na titin, Dakta ta ce za ta tafi da yarinya asibiti, za ta tafi da karen, in kuma akwai mai hana ta to a kira hukuma a yi bayanin yadda aka kawo ni. Da za mu fita Dakta ta tambaye ni da Turanci ko karen nawa ne. Ban san lokacin da na ce nawa ne ba.

An yi mini ɗinki, an sa mini filasta, an yi ta yi mini allurai. Da aka sallame ni Dakta ta kai ni gidanta. Bayan gidan fili ne ta kewaye, cike da karnukan da ta tsinto: na titi, masu gauraye, guragu, da wata mai ido ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki har da na Jamus guda biyu da wata 'yar fara irin ta auduga, duk masu takarda, waɗanda suka saye su suka yar da su da suka tsufa ko suka fara ciwo. Kyauta take bayarwa ga duk mai so, in dai ta yarda da shi. Mutane na zuwa jefi-jefi. Na ga wani mutum da 'yarsa, yarinyar ta maƙale wa wani baƙin kwikwiyo shi ma ya maƙale mata, uban ya tambayi irinsa, aka ce gauraye ne, ya ja hannunta suka tafi tana waiwaye. Na ga kuma wata malamar makaranta da ta zo ta ce a ba ta wanda ya fi daɗewa ba a ɗauka ba, ta tafi da mai ido ɗayan a bayan tasi. Ranar har rawa Dakta ta taka.

Kanzo ya rayu, amma ƙafar baya ɗaya ba ta koma daidai ba, kunnen nan karyayye kuma an ƙarasa shi. Dakta ta tsare shi ta ga ba shi da ciwon hauka, ta yi masa rigakafi, ta ce shi ma yanzu ya zama mai takarda. Ta ce wanda zai ɗauki gurgun karen titi sai an daɗe, amma tana da wuri.

Sai ga Baba Seidu wata rana da yamma a kan babur ɗin haya, tun daga ƙofa yana kira, "'Yar Kabi, albasa ta sauka." Na fito da gudu ba takalmi. Ya ce ya je kasuwa ya sami direban da Babana ya yi wa magana, Malam Buhari na Aliero, jibi zai juya.

Da na isa kasuwar, warin albasa ya buge ni, na ji ana ta Sakkwatanci ta ko'ina, sai na tsaya ina shaƙa kamar turare. Malam Buhari ya tarbe ni da fara'a, ya ce Babana ya hana shi barci da waya. Sannan ya ga igiya a hannuna, ya bi ta da kallo har ƙasa.

"Wanga hwa?"

Na ce tare muke.

"Ke ɗiyar Malam, mutane na zuwa Ankara su komo da atamhwa da goro, ke ki komo da kare? Karen ma gurgu? Irinshi nawa kika so in kama miki tashar Jega?"

'Yan kasuwa suka taru ana dariya. Wani ya ce in ma kare zan ɗauka ai sai in ɗauko na Turawa, yanzu samarin Birnin Kabi na sayen su. Sai na warware mayafina na nuna hannun, ɗinkin na nan jere tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Na ce na Turawan ne ya yi wannan, wannan kuma shi ya hana a ƙarasa. Dariyar ta tsaya. Malam Buhari ya daɗe yana kallon Kanzo, ya ce a shimfiɗa masa buhu a baya, amma in ya yi masa ɓarna cikin mota ni da wanki.

Hanyar dawowa ta fi ta zuwa tsawo, amma ni kamar a sama nake. A iyakar Togo wani jami'i ya leƙa baya ya ga kare, na miƙa masa katin rigakafin Dakta, ya juya shi ya sake juyawa, ya ce karen ya fi fasinjan cikar takardu. A Parakou mota ta lalace muka yini a gefen titi, wata mai sayar da gasasshiyar doya ta ga hannuna ta ƙi karɓar komai, har ta ƙara wa Kanzo ɓawon. A wani shinge cikin Benin wani kare ya yi haushi daga nesa, na ƙanƙame ƙofar mota har Malam Buhari ya tsaya ya ba ni ruwa. Tun daga nan shi da kansa yake sauka ya zuba wa Kanzo ruwa a murfin jarka, yana ce masa Alhaji na Ankara. Da muka shigo ƙasarmu na fara ganin gonakin albasa kore shar a fadama, na leƙa ta taga na yi ta gaishe da mutanen da ban sani ba. Maiyama, sai Jega, sai ga hanyar garinmu.

Inna ta rungume ni ta ga hannun ta zauna a ƙasa. Ƙanena Nasiru, wanda ya daɗe yana mafarkin karen Jamus irin na wani abokinsa a Jega, ya zagaya Kanzo ya ce shi da aka ce na zo da kare daga waje ya ɗauka wani abin kirki ne, wannan wane iri ne? Baba ya ce masa irin wanda ya kawo maka yayarka ne. Ya saurari labarin duka bai katse ni ba, sannan ya ce a kai shi gona wurin rumbu, a cikin gida dai kare ba ya kwana, amma duk abin da aka ci a gidan nan a kai masa nasa.

Hannuna bai gama warkewa ba, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa, kuma har yanzu in zan sunkuya sai na waiga bayana. Shekaranjiya na bi Baba gona ana cirar albasa. Karnukansa biyu na kwance a inuwar rumbu, Kanzo na gefe shi kaɗai don ba su gama karɓar sa ba. Wata albasa ta gangaro daga kwando ta tsaya kusa da su. Na manta, na duƙa in ɗauka. Karnukan Baba suka watse cikin gona da gudu. Kanzo ya zabura shi ma, ya yi taku biyu da ƙafarsa uku, sai ya tsaya. Ya juyo ya dube ni ina duƙe, hannuna a ƙasa. Ya tako a hankali ya zo ya shinshina albasar, ya kwanta a gefen ƙafata.